Malamin Da Ya Bar Aji Ya Koma Ba Da Shawara: Me Yake Sayarwa, Me Ya Kamata A Saya?

A harkar ilimi ta Amurka akwai wata sana'a da ta yi kasuwa a 'yan shekarun nan, wato ta malamin makaranta da ya ajiye alli ya koma ba makarantu shawara. Hanyar shiga sana'ar kusan ɗaya ce. Malami ya gwada wata dabara a ajinsa ta yi kyau, labari ya bazu, ya rubuta littafi, a fara gayyatarsa tarurruka, daga nan sai ya ga gayyatar ta fi albashinsa tsoka, ya bar aji ya kama yawon bita. Hajar da irin waɗannan masu ba da shawara suka fi tallatawa ita ce karatu daidai da ɗalibi, kuma kusan kullum suna haɗa ta da kwamfuta da intanet.

Manufar karatu daidai da ɗalibi ba ta da wuyar fahimta. A ajin da aka saba, malami yana koya wa kowa darasi ɗaya a rana ɗaya, ya yi jarrabawa a rana ɗaya, sannan ya wuce gaba ko an gane ko ba a gane ba. Mai saurin fahimta ya zauna yana hamma, mai nauyin fahimta kuma a tafi a bar shi, giɓin yana ƙaruwa daga aji zuwa aji. Masu sabon tsari suna cewa a fara gano inda kowane yaro ya tsaya, a ba shi abin da ya yi daidai da ƙarfinsa, kada ya wuce wani babi sai ya iya na baya. Tun da malami ɗaya ba zai iya bin yara talatin ɗaya bayan ɗaya ba, sai a ce na'ura ta ɗauki wani ɓangare na aikin. Burin kansa babu mai musunsa. Abin dubawa shi ne ko na'urar ce ke kai wa ga burin, da kuma ko wanda ya bar aji shi ne ya fi cancanta ya nuna hanya.

Daga Woodland Park zuwa duniya

Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne na Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare ta Woodland Park da ke jihar Colorado. Dukansu gwanaye ne a aji: Bergmann ya karɓi lambar yabo ta shugaban ƙasa kan koyar da lissafi da kimiyya a 2002, Sams kuma ya karɓa a 2009. Matsalarsu ƙarama ce, ta yau da kullum. Garin yana cikin duwatsu, makarantun da ake zuwa gasar wasanni suna da nisa, don haka ɗalibai da yawa suna shafe sa'o'i a mota, darasi yana wuce su. A 2007 malaman biyu suka fara naɗar bayanin darussansu a bidiyo suna sakawa a intanet domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Sai suka lura har waɗanda suka halarci aji suna komawa su kalla, suna tsayar da bidiyon su maimaita inda ya shige musu duhu.

Daga nan suka juya tsarin aji gaba ɗaya. Bayanin malami, wanda a da ake saurara a aji, ya koma gida ta bidiyo. Aikin gida kuwa, wanda yaro ke fama da shi shi kaɗai, ya dawo aji, inda malam yake zagayawa daga tebur zuwa tebur. Yaran da ba su da intanet a gida aka riƙa kwafa musu darasin a faifan DVD ko a filas. Daga baya suka ƙara wani mataki: kowane ɗalibi ya tafi da saurinsa, amma ba ya shiga sabon babi sai ya ci gwajin wanda ya gabata. A 2012 suka fitar da littafi mai suna Flip Your Classroom, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama, kuma juyayyen aji ya zama abin da ake magana a kansa a tarurrukan ilimi daga Amurka har Asiya. Dukansu biyu suka bar Woodland Park. Bergmann ya shafe shekaru yana zagaya ƙasashe yana horar da malamai, kuma a 2016 yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta yaɗa tsarin a duniya.

Abin lura a labarin nan shi ne bidiyon bai koyar da kowa kimiyyar sinadarai shi kaɗai ba. Amfaninsa shi ne ya sauke wa malami nauyin tsayuwa gaban allo yana bayani, ya ba shi lokacin zama kusa da yaron da ya kasa. Su kansu malaman biyu sun sha nanata cewa muhimmin abu shi ne yadda ake amfani da lokacin aji. To amma idan dabara ta bar hannun mai ita ta shiga kasuwa, abin da ake iya gani a taɓa shi ne ya fi saurin tafiya. Kyamara da manhajar naɗar bidiyo ana iya rubuta su a takardar kwangila, a biya, a kawo. Idon malamin da ke gane yaro ya rikice tun kafin ya buɗe baki ba ya shiga kwangila.

Tsohon buri a sabuwar riga

Masu tallar tsarin sukan gabatar da shi a matsayin ɗan wannan zamani, alhali ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. Helen Parkhurst ta fara koyarwa a farkon ƙarni na ashirin a wata makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya a jihar Wisconsin, inda yara masu shekaru daban-daban ke zaune tare. Larura ta sa ta riƙa ba kowane yaro aikinsa ya yi da saurinsa. Daga baya ta tsara dabarar, aka gwada ta a makarantar sakandare ta garin Dalton a jihar Massachusetts a 1920, ta fitar da littafi a 1922, sannan ta kama tafiye-tafiye. Tsarin Dalton ya isa Ingila, Holan, Japan, Sin da Tarayyar Sobiyet. A wurare da yawa ya yi tashe ya lafa, amma har yau akwai ɗaruruwan makarantun Dalton a Holan. Ita ce kakar masu wannan sana'a, kuma ba ta da na'ura ko ɗaya, sai takardar aiki da yaro zai kammala cikin wata guda.

Na'ura ma ta daɗe da shigowa zancen. A 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa fim zai sa a daina amfani da littattafai a makarantu. A shekarun 1920 Sidney Pressey na Jami'ar Jihar Ohio ya ƙera wata na'ura da ke yi wa ɗalibi tambaya, ba ta wucewa gaba sai ya danna amsar daidai. Ba ta samu kasuwa ba. A shekarun 1950 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya dawo da batun, kamfanoni suka ƙera na'urorin koyarwa iri-iri, bayan ɗan lokaci suka ƙare a ɗakunan ajiya. Alkawarin kowane zamani iri ɗaya ne: kowane yaro zai samu malaminsa na kansa.

Hujjar da masu ba da shawara suka fi jingina da ita ta fito ne daga Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago. A 1984 ya ruwaito cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce da shi gaba sai ya iya, ya fi kashi 98 cikin ɗari na 'yan ajin da aka saba. Adadin yana da ɗaukar hankali, shi ya sa ba a cika yin taron bita ba a ambace shi ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sakamakon ya fito daga ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni da ɗalibansa biyu masu neman digirin digirgir suka yi, binciken da ya biyo baya bai sami tazara mai girman haka ba, kuma masu koyarwar a gwajin mutane ne, ba na'ura ba.

Abin da bincike ya nuna

Idan aka auna sabon tsarin da ma'auni mai tsauri, sakamakon yakan fito gauraye. Cibiyar bincike ta RAND ta bi makarantun Amurka da ke bin tsarin karatu daidai da ɗalibi, da tallafin Gidauniyar Gates. Rahotonta na 2017 ya nuna ci gaba kaɗan: yaron da ke tsakiyar sahu, a matsayi na 50 cikin ɗari, ya matsa zuwa wajen na 53, kuma a lissafi ne kawai masu binciken suka tabbatar ba dace aka yi ba. Malamai da dama sun ce lokacin shirya wa kowane yaro nasa aikin ya fi ƙarfinsu.

Juyayyen aji ma an gwada shi a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, inda aka raba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu a juye wasu a yadda aka saba. A lissafi an ga ƙaruwar maki na ɗan lokaci, a tattalin arziki ba a ga komai ba, kuma kafin jarrabawar ƙarshe bambancin ya ɓace. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ribar ta fi zuwa ga ɗaliban da dama can suke kan gaba. Dalilin a bayyane yake. Tsarin da ya danƙa wa yaro ragamar karatunsa ya fi yi wa wanda ya riga ya iya riƙe ragama daɗi, mai ɗakin karatu a gida da iyayen da ke sa ido.

Inda aka sa na'ura a gaba aka bar malami a baya kuwa, asarar ta yi yawa. A 2013 hukumar makarantun Los Angeles ta ƙaddamar da shirin ba kowane ɗalibi iPad, shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan yara suka gano yadda za su cire makullin na'urar su shiga inda suka ga dama, darussan da kamfanin Pearson ya kamata ya zuba a ciki ba su kammala ba, shugaban hukumar John Deasy ya yi murabus a watan Oktoban 2014, aka dakatar da shirin. A ƙasar Peru gwamnati ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutocin yara, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya yi a makarantun karkara 319 bai ga ƙaruwa a lissafi ko harshe ba bayan wata goma sha biyar. AltSchool, wadda tsohon ma'aikacin Google Max Ventilla ya kafa a 2013 ya tara mata sama da dala miliyan 170, ta rufe wasu rassanta, kuma a 2019 ta fita daga gudanar da makarantu ta koma sayar da manhaja. A watan Nuwamban 2018 ɗaliban wata makarantar sakandare a Brooklyn suka fice daga aji don nuna ƙin tsarin Summit Learning, wanda injiniyoyin Facebook suka taimaka aka gina. Kukansu shi ne suna wuni suna kallon kwamfuta, ba sa samun malami.

Duk da haka, kuskure ne a ce na'ura ba ta da wani amfani. A birnin Delhi na Indiya masu bincike uku, Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian, sun gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan yara 619 da aka raba ta ƙuri'a. Cikin wata huɗu da rabi, waɗanda suka samu shiga sun ninka ci gaban sauran a lissafi, a harshen Hindi ma fiye da haka. Binciken ya gano cewa yaran aji ɗaya kan bambanta da juna da tazarar aji biyar zuwa shida, abin da babu malamin da zai iya cike shi da darasi ɗaya. Manhajar tana gano matakin yaro na gaskiya, ko da ya yi ƙasa da ajinsa da shekara uku, ta fara daga nan. Kuma rabin lokacin zaman, minti 45 cikin 90, yaran suna gaban mai koyarwa ne a ƙananan rukunoni. Na'urar ta yi aiki saboda an ba ta aiki guda takamaimai wanda ta fi mutum iyawa.

Inda gizo ke saƙar

Darajar malamin da ya koma mai ba da shawara tana cikin abin da ya gani da idonsa. Malamai sun fi sauraron wanda ya taɓa shan ƙurar alli a kan jami'in da bai taɓa riƙe aji ba, kuma suna da gaskiya. Sai dai wannan jarin yana raguwa da kowace shekara da ya yi a waje. Yara suna sauyawa, wayar hannu ta sauya yadda suke mai da hankali, manhajar karatu da jarrabawa suna sauyawa, shi kuwa labarin da yake bayarwa a kan dandamali na ajin da ya bari ne shekara goma baya. Haka kuma nasarar da ya samu ta haɗa da shi kansa: gwani ne, dabarar tasa ce, yana da zumuɗin mai ƙirƙira. Malamin da aka tara a zaure aka ce daga zango mai zuwa haka za a yi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Siffar aikin ma tana da nata lahanin. Bitar yini ɗaya ita ce ta fi sauƙin sayarwa, ita ce kuma ta fi ƙarancin tasiri. Wani rahoto da ƙungiyar TNTP ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa manyan hukumomin makarantu uku da ta bincika suna kashe kusan dala 18,000 a kan kowane malami a shekara wajen horarwa, amma yawancin malaman ba a ga koyarwarsu ta inganta daga shekara zuwa shekara ba. Abin da ya fi nuna alamar amfani shi ne rakiya: ƙwararre ya shiga ajin malami, ya kalli darasinsa, su tattauna, ya dawo bayan mako biyu ya sake kallo. Matthew Kraft da abokan aikinsa sun tattara bincike 60 a kan irin wannan rakiya a 2018, suka ga tana inganta koyarwa, ko da yake tasirinta na raguwa idan shirin ya faɗaɗa. Rakiya tana cin lokaci, ba ta kuma barin mutum ɗaya ya zagaya jihohi ashirin a shekara.

Sai batun kuɗi. Wasu masu ba da shawara suna da alaƙa da kamfanonin da ke sayar da na'ura ko manhaja, a matsayin jakadu ko masu horarwa da kamfani ya amince da su. Wannan ba laifi ba ne idan an bayyana shi, amma dillali ba ya kushe hajar da zai ci la'ada a kanta. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya yi nuni da cewa sahihiyar hujja mai zaman kanta ta yi ƙaranci, da yawa daga abin da ake kafa hujja da shi yana fitowa ne daga masu sayarwa. Rahoton ya ce kayan fasahar ilimi kan sauya duk wata 36 a matsakaici, wato kafin a gama auna su an kawo sababbi, kuma a Amurka kusan kashi biyu cikin uku na lasisin manhajojin da makarantu suka saya ba a amfani da su. A shekarar 2023 ɗin ce Suwidin, wadda ta yi nisa wajen sa na'ura a hannun ƙananan yara, ta fara ware kuɗi don mayar da littattafan takarda cikin azuzuwa.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, asalin dabarar ba baƙo ba ne. A makarantar allo kowane yaro yana da allonsa da inda ya tsaya. Malam yana biya masa, ya koma ya maimaita, ba ya wanke allo a yi masa ƙari sai ya kawo karatun daidai, kuma manyan almajirai suna taimaka wa ƙanana. Tsarin ya yiwu ne saboda littafin ɗaya ne, jerinsa sananne ne, gwajin kuma a take ake yinsa. Irin wannan tunani ne ke ƙarƙashin dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, ta rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a ware musu wani lokaci kullum don karatu da lissafi na tushe. An gwada ta a makarantun firamare na ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano, da katunan haruffa da tsinkayen ƙirga. Inda aji ya haura yara ɗari, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce 35 a firamare, ga kuma rashin wutar lantarki, wannan shi ne karatu daidai da ɗalibi da aljihu zai iya ɗauka.

Yadda za a auna mai ba da shawara

Shugaban makaranta ko jami'in ilimi da aka kawo wa irin wannan tayi yana da tambayoyin da za su raba masa tsaki da tsakuwa. Wace matsala ce takamaimai dabarar za ta warware, kuma shin ita ce matsalar makarantar? Bergmann da Sams sun fara ne daga yaran da darasi ke wucewa, kayan aikin ya biyo baya. A wace irin makaranta aka gwada, yara nawa ne a aji, wa ya auna sakamakon, kuma me ya faru da yaran da ke can baya? Wa ke biyan mai shawarar ban da makarantar? Nawa za a kashe a shekara ta uku, lokacin da batura suka mutu, lasisi ya ƙare? Zai dawo ya shiga aji ya ga yadda abin ke tafiya, ko daga zauren taro sai filin jirgi? Yaushe rabonsa da ya koyar da aji na zango cikakke?

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, kuma labarin Bergmann ya taɓo ta. A 2019, bayan shekaru yana yawon horar da malamai, ya koma koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a birnin Houston na jihar Texas. Littafin da ya fitar a 2022 ya mai da hankali ne kan yadda malami zai tabbatar kowane ɗalibi ya iya babi kafin ya wuce: yadda za a tsara gwaji, yadda za a riƙe aji alhali yara suna wurare daban-daban a karatu, da yadda za a ba da maki. Tsohuwar maganar Bloom ce da Parkhurst, daga bakin mutumin da a lokacin yake shiga aji kowace safiya yana aiwatar da abin da ya faɗa. Hukumomin ilimi za su iya mayar da wannan sharaɗi: duk wanda za a biya ya koya wa malamai koyarwa, ya kasance yana riƙe da aji ko da guda ɗaya ne, ko kuma ya amince ya zauna da makarantar tsawon zango, a auna yaran kafin zuwansa da bayan tafiyarsa, sannan a yanke shawarar sayen na'ura.